Wayar Gwaggo Ta Ƙi Kuka

Fatakwal.

Zuwa ga Gwaggona, Malama Uwa, a Rimin Talle.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya, ya ciwon gwiwar nan? Ina gaida matan makarantarki baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Maigidana yana gaishe ki, kullum yana kasuwar shanu, sai magariba ta kusa yake shigowa.

Gwaggo, maganar zuwana gida ta sha ruwa. Likita ta ce da nauyin da nake ɗauke da shi kada in kuskura in hau doguwar hanya. Na yi kuka har na gode Allah. Ni da na gama sa rai a ɗakinki zan sauka, ke za ki tsaya a kaina kamar yadda kika tsaya tun ranar da na zo duniya, ranar da Innata ta bar ta. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke: tsoro nake ji. Idan na tuna yadda Inna ta tafi a kan gwiwa, sai barci ya ƙaurace min.

Shi ya sa muka saya miki waya sabuwa fil, irin mai gilashin nan da ake shafawa. Na san ba kya yarda ki yi maganar gida a wayar maƙwabta, to yanzu ga taki. Iliyasu, direban da ke ɗauko musu shanu daga Ɗambatta, shi zai kawo miki ita tare da takardar nan. An sa layi, an sa kati, lambata tana ciki. Idan ta yi ƙara, ki ja koren nan gefe, shi ke nan. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da abin ya taso in kira ki, in ji muryarki kina min addu'a a kunne. Idan na samu wannan, sauran mai sauƙi ne.

'Yarki,
Firdausi.

*

Rimin Talle.

Zuwa ga Firdausi.

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta yi kyau, damina bana ta yi mana kirki. Ki gaida maigidanki Kamaruddeen, ki ce Allah ya yi masa albarka.

Maganar tsoro, ki ajiye ta. Kwanan mahaifiyarki Hafsatu ne ya ƙare, ba haihuwa ce ta ɗauke ta ba, kuma kwananki ba a hannunki yake ba balle ki zauna kina lissafi. Ki ci abinci, ki riƙa tattaki a tsakar gida, ki rage zama kina tunani kamar tsohuwa.

Waya ta iso. Iliyasu ya tsaya a zaure ya kira ta da tasa, ta rangaɗa kuka har kajina suka watse. Daga nan ya yi gaba, wai shanu na jiransa. Matan makaranta kuwa ranar ba a yi karatu ba, kowacce sai ta taɓa. Da na ga hannuwa sun yi yawa, sai na goge ta da gefen mayafina na adana ta inda ƙura ba ta shiga, kaza ba ta hawa, yaro ba ya kaiwa. Kada ki damu, ko kwarzane ba za ta yi ba.

To amma Firdausi, tun kukan nan na zaure ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Kin aiko da waya ne don in riƙa kallo? Ina zaune a ɗaki kunnena a buɗe, shiru kake ji. Da na gaji na ɗauko ta in kira ki da kaina, duk da dai a garinmu yaro ne ke zuwa gaida babba. Ban san abin da na taɓa ba, sai ga wata Baturiya ta fara magana daga ciki. Duk inda na ɗora yatsa sai ta yi min Turanci, kuma ta hana komai buɗewa. Na yi mata sallama, ba ta amsa ba. Na ce ta ba ni Firdausi, ta ci gaba da surutunta. Mace mara tarbiyya haka ban taɓa gani ba. Idan tare kuka sayo su, ku karɓi abarku, ni wayar kawai nake so.

Ga kuka da daddawa nan na ba Iliyasu.

Gwaggonki,
Uwa.

*

Fatakwal.

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kuka da daddawa sun iso, ranar na ci tuwo kamar ba ni ce ke yamutsa fuska a kan abinci ba. Jikina da sauƙi, sai ƙafa da ke kumbura.

Na yi dariyar Baturiyarki har cikina ya ƙulle. Amma da na kai inda kika ce ban kira ba, dariyar ta tsaya. Wallahi Gwaggo kullum sai na kira, da safe, da rana, da yamma. Abu ɗaya ake ce min, wai ba a samun mai wannan lambar. Har na fara tunanin ko kashe ta kike yi da gangan. Ki gaya min gaskiya, fushi kike yi da ni don ban zo gida ba? Da kika rubuta cewa yaro ne ke zuwa gaida babba, na karanta wurin ya fi a ƙirga. Idan da ni kike, ki yi haƙuri, ba raini ba ne, ba kuma don na zama 'yar birni ba.

Maigidana ya ce sabuwar waya takan zo da 'yan matsaloli, ba abin tashin hankali ba ne. Ya ce ki danne maɓallin gefe har ta mutu, sannan ki sake kunna ta. Idan ba ta gyaru ba, ki kai ta wurin Naziru mai gyaran waya a bakin tashar Ɗambatta, abokinsa ne, zai kori Baturiyar ya duba ko layin ne bai zauna daidai ba. Ya ce kuma wataƙila sabis ne ba ya kaiwa ɗakinki, tunda gidanmu a kwari yake.

Ga dabarar da na yi. Ranar Juma'ar nan mai zuwa, da an idar da la'asar, ki fito tsakar gida da ita a hannunki, ki tsaya wuri mai ɗan tudu. Ni kuma zan yi ta kira har sai ta shiga. Don Allah kada ki manta.

Firdausi.

*

Rimin Talle.

Firdausi, 'yar nema,

Lafiya muke, an fara yankan gero, kowa ya yi baƙi ya rame amma ana ta fara'a.

Fushi? Ni? Yarinyar da na goya har bayana ya goge, ita zan yi wa fushi don likita ta hana ta hanya? Da kina kusa da sai na ja kunnen nan naki. Magana ta tsokana na yi, kika ɗauke ta kika yi mata ɗaki kika shiga kika zauna. Halinki ne tun kina ƙarama, a ce miki miya ta yi gishiri ki ƙi cin abinci yini guda. Kada in ƙara jin wannan.

Takardarki ta yi nawa a hanya. Motar Iliyasu ta lalace a Lakwaja, kuma da ya iso bai shigo ƙauye ba, a tasha ya bar ta wurin masu bas. Kafin ta zo hannuna Juma'ar taki ta wuce. Da na karanta sai da na zauna, don na san kin yi ta kira kina kuka, ni kuwa a lokacin ina can ina tsinke gyaɗa ban san ana yi ba. Duk da haka Juma'ar da ta biyo na fito. Tudu babu a gidan nan, kin sani, sai na kife turmi na hau, da gwiwar tawa, na ɗaga waya sama. Aina'u, amaryar nan da ta shigo makarantata bana, ta leƙo ta same ni a haka, ta saki salati, ta ɗauka wani abu ne ya taɓa ni. Na tsaya har hannuna ya sage. Ko tari wayar ba ta yi ba.

Ranar kasuwa na shiga bas na je wurin Nazirun naku. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni benci, ya sayo min ruwa. Baturiya dai ya sallame ta cikin ƙiftawar ido, Allah ya raka taki gona. Ya ciro layin ya hura ya mayar. Ya kira da tasa, sai ga munafukar ta rangaɗa kuka a gaban mutane, kamar ba ita ba. Na ce ya kira min ke, ya kira, ta shiga, ba ki ɗauka ba, ina jin kina asibiti wurin awo. Na ce masa ni dai a gida bebiya ce. Na kuma gaya masa tana shan caji kamar rijiya, ba na taɓa ta amma bayan kwana biyu sai na aika da ita wurin mai caji, shi kuma a kashe yake jona ta. Sannan duk sanda na ɗauko ta in duba lafiyarta, sai saƙonnin Turanci su yi ta faɗowa a jere. Ya ce wannan duk ciwon sabuwar waya ne, bari ya wanke ta tas, ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali.

Ya kuwa wanke ta. Sai da na dawo gida na ga har da lambarki ya wanke. Yanzu ga waya tsaf, babu Baturiya, babu ke. Ki rubuto min lambar da manyan baƙaƙe. Na mayar da ita ma'ajiyarta, tana nan lafiya lau, shiru kamar amarya.

Uwa.

*

Fatakwal.

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Ki yafe min zargin da na yi. Na ga kiran ranar, ina gaban likita ne, da na fito na yi ta bi har yamma, ba ta shiga ba.

Ga lambar nan a ƙasa, na rubuta ta manya-manya. Ban sani ba ko za ta iso kan lokaci, don likita ta ce ko yau ko gobe. Maigidana ya ce kawai wayar ce mai aibi daga kamfani, zai sayo wata idan Iliyasu zai sake hawa. Ni dai na san kafin nan an gama komai.

Na haƙura, Gwaggo. Matan gidan da muke haya suna da kirki, akwai wata Bayarabiya da ta ce za ta raka ni. Amma idan Allah bai sa mun ji juna ba, ki yafe min duk abin da na yi miki tun ina ƙarama, ki yi min addu'a daga nan inda kike, na san za ta iso ko babu waya.

Idan da hali ki aiko min da yajin jego irin naki da kanwa. Na nan ba shi da ƙamshi.

Firdausi.

*

Rimin Talle.

Zuwa ga maijego, uwar 'ya.

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Hafsatu, ya sa ta gaji mai sunan a haƙuri, kada ta gaji uwarta a saurin kuka. Na ji kun ce Muhsina za ku riƙa kiranta, ya yi. Mu nan lafiya, gero ya shiga rumbu, tun ranar kuma gidan nan bai rabu da 'yan barka ba.

Kullum a waya kina tambayata wane ne ya gyara ta, ni kuma ina ce miki sai a takarda. Dalili, maigidanki yana kusa da ke, kuma ba zan ba da labarin nan surukina yana ji ba. Ki karanta ke kaɗai.

Takardarki ta ƙarshe ta zo min da hantsi. Da na kai wurin neman yafiyar nan, raina ya ɓaci, na ce wannan yarinya tana so ta kashe ni da raina. Na ce bari in fara haɗa miki yajin kafin in zauna in lalubo yadda ake shigar da lamba, don masu bas na komawa da azahar. Na daka, na tankaɗe, sai neman abin zubawa. Leda ba ta riƙe ƙamshi. Na ɗaga kai na dubi jeren da ke ɗakina, sai idona ya sauka a kan babbar kwallar nan mai jan fure, ta can ƙasa. Kin san ta, amma ba ki san cewa ta mahaifiyarki ce ba. Da ita aka kawo ta gidan nan. Da ta rasu aka raba kayanta, ita kaɗai na roƙa. Tun daga ranar, duk abin da ya fi min daraja a ciki nake sa shi in rufe, in ɗora sauran kwanoni a kai. Cibiyarki ma a ciki ta kwana kafin a binne ta. To da kika aiko min da waya, ina kike so in sa ta?

Na sauke jeren, na buɗe murfi, na ciro wayar na ajiye a kan tabarma don in zuba yaji. Ban gama goge cikin kwallar ba sai ji na yi abu ya rangaɗa kuka a bayana. Saura kaɗan in kife turmin yajin. Na ja koren da hannu duk barkono, sai ga muryar Kamaruddeen: "Gwaggo! Gwaggo, ke ce? Ta shiga! Wallahi ta shiga! Muna asibiti, ga ta." Sauran kin sani, ko da yake ban tabbata kin san me kika riƙa faɗa ba. Kin ce min za ki mutu, na ce ƙarya kike yi. Na karanta miki abin da ya sawwaƙa, kina bi kina nishi, har wata ma'aikaciya ta karɓe wayar. Ke kin ji muryata a tsaye. To ki sani a durƙushe nake, hawaye da yaji sun haɗu sun rufe min ido.

Yanzu ga inda ba na so surukina ya ji. Da aka kashe, sai na ce kada wayar kirki ta zauna a ƙasa. Kwallar mahaifiyarki ta cika da yaji, sai na sa ta a ƙaramar kwallar da ke binta, na rufe, na zauna a gabanta ina jan carbi ina jiran albishir. Azahar ta yi, shiru. Na bar masu bas suka tafi. La'asar ta yi, shiru. Firdausi, ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Duk nasihar da na rubuta miki a kan tsoro, na neme ta a zuciyata na rasa. Na ce shi ke nan, abin da ya faru da Hafsatu ya maimaita, suna tsoron gaya min ne. Na ɗauko lambar da kika rubuto na ce gara in ji ko mene ne. Ina ɗaga murfi, saƙonnin nan suka fara faɗowa, kafin in kai hannu ta ɗau kuka. Maigidanki ne, har muryarsa ta dashe: "Gwaggo, ina kika shiga? Tun azahar nake nema! Mace ce, suna lafiya!"

Na yi guɗa, ni da rabona da guɗa tun bikinki. Aina'u ta faɗo gidan ba ko mayafi. Muna cikin murna sai na tsaya ina kallon murfin nan a hannuna. Na ce, "Aina'u, kawo wayarki. Kira ni." Ta kira, ta yi kuka. Na sa ta a kwalla na rufe, na ce, "Sake." Aina'u ta kara a kunne ta ce, "Malama, wai ba a samunki." Na buɗe, ta yi kuka. Na rufe, ta yi shiru. Haka muka yi ta yi kamar yara, buɗe, rufe, har Aina'u ta zube a ƙasa tana riƙe ciki. Na ce idan labarin nan ya fita, ta nemi wata makarantar. Kafin magariba duk Rimin Talle an ji.

Da Iliyasu ya zo na gwada masa. Ya ce ai ƙarfe ne, ba ya barin sabis ya ratsa, ballantana garinmu da sabis ɗin da ma a wahale yake isowa. Wai cajin ma da take sha, wahalar neman hanya ce take yi a cikin duhu. Ashe baiwar Allah lafiyarta ƙalau, ni ce na kulle ta, na hau turmi, na je Ɗambatta, na sa aka wanke ta ba laifin tsaye ba na zaune. Ki ce wa maigidanki kada ya sayi wata. Ki ce masa kawai ta warke.

Yanzu Aina'u ta ɗinka min 'yar jaka mai igiya, a wuyana take kwana take tashi. Ranar suna da kuka nuno min fuskar yarinyar a waya, na ga goshin Hafsatu sak. Sai dai ki rage kira a lokacin karatu, jiya ta yi kuka muna tsakiyar hadda.

Ga kwallar nan na ba Iliyasu, na naɗe ta da zane, na ce idan ta kwarzane ya kuka da kansa. Yaji ne a ciki da kanwa. Idan kin cinye kada ki dawo min da ita, ta Muhsina ce, kayan kakarta ne. Ki sa mata duk abin da kike so a ciki ki rufe, ban da waya.

Gwaggonki,
Uwa.